Yadin da Ba Ya Sheƙi

Bunkure zuwa Kano

Ƙarfe shida saura kwata na ranar Asabar na bar gida, da 'yar takarda a aljihu. Shekara goma sha takwas ina tela a Bunkure, a kaftani da babbar riga ba mai nuna mini komai, amma ban taɓa sayen yadin shat irin ta ma'aikata ba. Ƙanina Nasiru ne wani banki ya kira ganawar ɗaukar aiki ranar Litinin, bayan shekara uku yana taya mu ban ruwan tumatir da digirinsa a akwati. Ya ce ni yake so in ɗinka masa farar shat. A takardar ya rubuta "foflin, 100". Ban gane ba, girman kai kuma ya hana ni tambayar yaron da na goya.

Na hau acaɓa muka bi gefen kwatar ruwa, minti arba'in muka isa Kura. Na sha koko da ƙosai a tasha, na shiga bas tsakanin kwandunan tumatir. Shinge biyu muka wuce, ƙarfe tara ina Kantin Kwari.

Kwari

A shagon farko mai kanti ya duba takardar ya ce, "Ɗari ai auduga ce ɗari bisa ɗari." Na biyu ya ce, "A'a Malam, lambar zare ce. In lamba ta hau, zare ya ƙara siranta." Na ce to ai abu in ya yi yawa kauri yake yi. Ya yi dariya har da dafa tebur.

Na ukun, wani dattijo mai tabarau, ya shimfiɗa mini farare huɗu. "Wannan foflin, wannan tuwil, dubi layinsa a karkace. Wannan Okusfod." Na ce ni dai na san Okusfod ƙamus ne. Duk fari ne a idona, kaina har ya fara ciwo.

Sai na koma ga abin da na sani. Mu da shadda muka saba, yadi mai daraja shi ne mai sheƙi, mai ƙara in an karkaɗa shi. Na nuna na huɗun, wanda yake ɗaukar ido. Dattijon ya ce, "Malam, ga foflin ɗin nan fa." Na taɓa, na ji shi sakayau, ba sheƙi ba nauyi. Na ce, "Alhaji, ƙanina banki za shi, ba gona ba." Bai ja da ni ba. Ya yanka mini yadi biyu da rabi na mai sheƙin, ya jefa ƙyallen foflin a ledar.

Kura

Sha biyu da rabi na sauka a Kura, na biya in gaida Kawu Audu, yayan mahaifiyarmu, tsohon masaƙi. Da alfahari na buɗe masa yadin shat ɗin Nasiru. Ya zare zare ɗaya ya kyasta ashana, zaren ya nannaɗe ya zama ɗan baƙin ƙulli mai wari.

"Sabo, leda ka sayo. A zafin nan ka sa masa wannan, kafin a kira sunansa ya jiƙe sharkaf."

Ya gwada zaren ƙyallen, ya ci wuta ya bar toka mai laushi. Ya ɗaga ƙyallen a rana ya daɗe yana kallo. "Ikon Allah. Ɗaya sama, ɗaya ƙasa, saƙarmu ce wannan. Zaren ne kawai ya fi gashi siranta."

Na ce, "To Kawu, ɗarin fa?"

"Ni ina na sani? Tashi ka koma."

Kunya ta rufe ni. Har yau ban tabbatar da abin da ɗarin take nufi ba.

Kwari kuma, sai gida

Uku da kwata na sake tsayawa gaban dattijon. Ko tambayata bai yi ba, ya jawo foflin ɗin ya ɗauki almakashi. Yadin da aka yanka ba ya komawa, mai sheƙin ya zama nawa. Na ci gurasa a tsaye, na kama hanya, ana kiran Magariba na shiga Bunkure.

Inna ta murza yadin ta ce, "Kano sau biyu, ka kawo wa ɗana alawayyo?" Ni ma da safe haka na gani.

Lahadi na wuni a kan keken ɗinki, kwala kaɗai sau uku na farke. Da la'asar Nasiru ya saka, ya ɓalla maɓalli har wuya, ya tsaya gaban madubin shagona. Can ya ce, "Yaya, yau na ji zan iya shiga in zauna a gabansu."

Na sunkuya kamar ina neman allura, don kada ya ga idona. Allah ya saka wa Kawu Audu da alheri, da dattijon da ya gaya mini gaskiya na ƙi ji. Godiya ta tabbata ga Allah da ya maido ni gida lafiya.