Noti Takwas na Akori-kurar Baba

Jiya a bas ɗin Oxford Road wani ya zauna kusa da ni, rigarsa na warin giris. Sai da na wuce inda zan sauka da nisa kafin na farga. Ka san wari ba ya sallama.

Ina da shekara tara muka zo Birmingham. Baba injiniya ne, amma ran Asabar bakanike yake komawa. Ya kama hayar garejin council, wato hukumar gari, a Small Heath, ya ajiye wata tsohuwar akori-kura, irin wadda kakanmu ya yi jigilar gyaɗa da ita. Inji ya gyaru, fenti ya sha, tayoyi sababbi fil. Abu ɗaya ya rage: bodin baya, yana gefe a kan katako, yana jiran noti takwas da za su ɗaure shi a jikin shasi.

"Ranar da na ɗaura bodin nan, uwata, sai jirgin ruwa," haka yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Mota ta yi gaba, mu bi ta gida."

To, noti takwas fa. Shekara ashirin ana nema.

Da hunturu mukan zaga wuraren 'yan gwangwan, yatsuna sun ƙage, shi kuwa yana tona bokiti kamar mai tsintar shinkafa. Wannan ya yi gajere. Wannan haƙoransa na zamani ne, ba za su shiga ba. Wancan ƙarfen banza ne, damina biyu tsatsa ta cinye shi. Wosha sai mai kauri, kuma dole a sa roba a tsakani don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Da bazara, lokacin da rana ke ƙin faɗuwa, sai ya buɗe garejin ya goge motar, ya tayar da ita, ya kashe. Yayana ya gaji tun da wuri ya koma ƙwallonsa. Ni ce sakaryar da ta yarda. Kowace shekara sai na gaya wa ƙawayena a makaranta cewa baɗi ba za su gan ni ba.

Baba ya rasu bara. Council suka rubuto suna son garejinsu ƙarshen wata. Yaya ya samo mai saye, amma mutumin ya ce sai an haɗa motar tukuna. Na hau jirgin ƙasa daga Manchester, muka kira bakanike. Ina neman masa sifana na sauko da wani gwangwanin madara daga saman kanta. Noti takwas ne a ciki, sun sha giris, kowanne da wosharsa da robarsa, an naɗe su a tsumman rigata ta firamare.

Bakaniken ya gwada ɗaya, ya shige sumul. Ko awa guda bai yi ba ya gama.

Na kai wa Umma gwangwanin tana yanka alayyahu, na ajiye a gabanta. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ni na ba shi tsumman," ta ce.

"Umma, kin sani? Duk shekarun nan?"

"Wa ya rage masa a can? Iyaye sun tafi, gida an raba. Ku kuma nan kuka sani. Amma babanku ba zai iya buɗe baki ya ce ya bar garinsu har abada ba."

Na zauna ina jiran fushi ya zo, ko kuka. Wallahi babu wanda ya zo. Washegari mai saye ya ja motar, na tsaya har ta sha kwana, na rufe gareji, na miƙa makulli. Har yau ban ji komai ba, kuma wannan ɗin ne ke ba ni tsoro.

Yanzu 'ya'yana ba su ma san ana cewa za a koma ba. Gida a wurinsu flat ɗinmu ne, hawa na uku.

Makon jiya Umma ta kira ni bayan la'asar. Mun gama gaisawa, sai ta ce, "Ke da kika iya turancinsu, ki tambayar mini council. Gefen kabarin babanku, ko da sauran wuri."