Malam Yahuza Kwandiko, Mai Gadin Otel a Girka

Haihuwa da Aure

An haifi Malam Yahuza a Kwandiko ta ƙasar Gwaram a shekarar 1979. Mahaifinsa Malam Maikuɗi manomi ne, mahaifiyarsa Inna Batulu. Ya yi firamare a Gwaram, ya koyi gyaran famfo a Birnin Kudu, sannan ya auri Tani 'yar Yalwan Damai a 2003.

Tafiya Girka

A 2012 ya tafi ƙasar Girka, ya sami aiki a wani otel mai ɗaki ɗari da tamanin a kan tsibiri, inda Turawa ke zuwa hutu suna kwanciya cikin rana a bakin teku. Wata shida garin ba masaka tsinke. Da sanyi ya shigo sai baƙi su watse, a rufe shaguna, ma'aikata su koma garuruwansu, a bar Yahuza shi kaɗai da makullai. Kullum da safe yakan bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya yana buɗe famfo, don kada bututu ya yi tsatsa. Da yake tun yana ƙarami ba ya shiga ɗaki babu sallama, kowace ƙofa sai ya yi mata.

Shekarun Ƙarshe

A sanyin 2021 ya kira Tani da hantsi.

"Tani, yau an amsa mini."

"Wa ya amsa, Malam? Ba ka ce babu kowa ba?"

"Ɗaki na casa'in da huɗu. Muryar dattijo ce, irin ta mutanenmu."

"Ka bar sallamar nan, ka tattaro ka dawo gida."

Ya yi dariya ya ce, "In bari yanzu da aka san ni? Ai sai a ce ba ni da ladabi."

Ya yi mata alƙawarin dawowa idan baƙin bana suka tafi. Baƙi suka zo suka tafi sau uku bai dawo ba. Tani ta yi roƙo, ta sa Inna Batulu ta yi masa faɗa, ta sa aka yi saukar Alƙur'ani. Shi kuwa yana gaya mata ɗakunan da ke amsawa sun kai ashirin, har ana tambayarsa mutanen gida.

Rasuwa

A watan Maris na 2024 mai otel ya zo shirin buɗewa, ya tarar da takalman Yahuza a ajiye a ƙofar ɗaki na casa'in da huɗu, shi kuma yana ciki a zaune kan kujera, rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce. Labari ya iske Tani ranar uku ga azumi tana surfe. An kai gawarsa arewacin ƙasar Girka, aka binne shi a maƙabartar Musulmi. Ya bar 'ya'ya uku: Zulkifli, Hapsatu da Mansura. Allah Ya jiƙansa.

Ɗakinsa na Kwandiko yana nan. Kowace safiya Tani takan ɗauki kwanon kununta ta shiga ta sha a ciki, don kada ɗakin ya saba da rashin mutum.