Ranar da Na Ce Lita Shida

Har gobe in na tuna mushen nan, wato malamin da ya koya mana kimiyya a kwalejin Madawa, raina ɓaci yake yi. Ina aji huɗu lokacin, ɗan ƙauye daga Tama, kuma an riga an ja mini kunne: in na ƙara cin sifiri ɗaya, sai gida.

Ran nan darasin mitokondiri ne, 'yan murhunan nan da ke cikin ƙwayoyin jiki, masu ƙona abinci da iskar oksijan. Ya ce mutum a zaune yana shan oksijan mililita ɗari biyu da hamsin a minti guda. To, lita nawa ke nan a kwana ɗaya? Muka yi, ya karɓe takardu, ya hau allo da kansa. Ya ninka da ashirin da huɗu, ya raba da dubu, ya rubuta lita shida, har da ja mata layi biyu.

Ya manta minti sittin ɗin da ke cikin awa! Ni ɗari uku da sittin na samu, kusan tano biyu, wato ganga biyu. Bakina bai iya shiru ba. Na ce, "Mushe, lita shida ko tulun innata ba ta cikawa. Da haka ne, da rabin awa ba ta yi ba mun sheƙa lahira."

Aji ya kwashe da dariya. Ya dubi allo, kuma wallahi na ga ya gane. Amma sai ya danƙara mini sifiri, ya ce in kawo ubana.

Baba ya zo ran kasuwa da buhun albasa a kan jaki. Na zana masa lissafin a ƙasa da tsinke, ya fahimta sarai, ai mai auna gero da tiya ba a ruɗa shi da ninki. Duk da haka, a gaban aji ya tuɓe takalma ya durƙusa wa mutumin da ya haifa a shekaru. Mushe ya ce zai goge sifirin in na faɗi amsa da bakina.

Baba ya juyo. "Kai, nawa mushe ya ce?"

"Baba, ɗari uku da..."

"Ban tambaye ka naka ba. Yaro ba shi gyara ma babba cikin mutane."

Na dubi gwiwoyinsa a kan siminti. Na ce, "Shida."

Ba a kore ni ba. Ina tsaye ina kallo duk ajin suka duƙa suna rubuta shida.