Jan Fensirin Arlen Pietrzak

Arlen Pietrzak ba injiniya ba ne. Shi ma da wannan yake fara gabatar da kansa, musamman idan akwai injiniya a kusa. Mai haɗa inji ne. Shekara talatin da ɗaya muka yi a masana'antar tsoho Gerhardt Lemke, nan Wisconsin, ina walda yana haɗawa, tsakaninmu bai fi taku goma ba. Ba na jin mun taɓa hirar da ta kai minti biyar.

Mu ba ma ƙera abu biyu iri ɗaya. Mai gidan cuku zai zo ya ce yana son injin da zai yanka masa dunƙule gida goma sha shida, a ɗakin da ke da ginshiƙi a tsakiya. 'Yan ofis su zana, su sauko mana da takarda, mu yanka ƙarfe. Gobe wani ya zo da tasa matsalar, a sake daga farko. Manyan kamfanoni suna da littafi mai hotuna, ka nuna ka biya. Mu Arlen muke da shi, da tef ɗin awo, da jan fensir a bayan kunne.

Kafin a taɓa ƙarfe, sai ya ɗauki motar aiki ya je inda injin zai zauna. Ya auna ƙofa, ya auna ginshiƙi. Sannan ya ciro wata 'yar ƙwallon ƙarfe daga aljihu, ya ajiye a ƙasa, ya tsaya yana kallon inda za ta gangara. Daɓen gidan cuku a karkace ake yin sa don ruwan wanki ya bi magudana, kuma kowane gida da irin tasa karkatar. In ya dawo sai ya shimfiɗa zanen, ya soke abin da masu digiri suka rubuta, ya sa nasa da ja.

Takardar ba ta komawa sama. In an gama aiki sai ya naɗe ta ya cusa a wata tsohuwar durowar ƙarfe. Saboda haka abin da ke cikin kwamfutar ofis injin da aka yi niyya ne. Wanda aka ƙera yana cikin durowa.

"Arlen, ka hau da takardun nan a gyara na sama mana," Lemke yakan ce.

"Wata rana, Gerhardt."

Wasu mutanen suna son a riƙa neman su. Ban ce shi ba.

Da gwiwoyin Lemke suka ƙi sanyi ya koma Arizona, ya bar wa mijin 'yarsa Kendra, Trent Vandehey. Yaro ne mai fara'a, da hular kwano wadda ba ta taɓa karo da komai ba. Ranar farko ya tara mu da kwalin donot, irin fanken Turawa, ya ce wani kamfani a Illinois yana kai inji cikin mako goma, mu sai sha shida, kuma masu saye sun fara lura. Wannan gaskiya ne, ban ƙi ba.

"Daga yau babu takarda," ya ce. "Komai yana kwamfuta. Babu kuma yawon awo, kwana biyu ke nan muke zubarwa a titi. Mai saye ya aiko da awonsa."

"Wa zai auna masa?" Arlen ya tambaya.

"Kowa ya iya riƙe tef, Mista Pietrzak."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Kowa ma ya iya riƙe fensir."

"To ka ga mun fahimci juna!"

Aka yi dariya, Trent ya taya mu. Kafin makon ya ƙare ya kira Arlen ofis, ya gode masa bisa doguwar hidima, ya ce ƙarshen Afrilu za a yi masa liyafar ajiye aiki, har da kek. Arlen yana da sittin da huɗu. Ba shi da kwale-kwale, ba shi da jika a kusa, ba ya zuwa ko'ina in ba farautar barewa ba mako ɗaya a shekara. Ya sauko ya tsaya gaban bencinsa ya daɗe bai taɓa komai ba.

Durowar kuwa aka ba masu gwangwan. Ni na taya su ɗora ta a mota. Ba ta yi nauyin da na zata ba.

A watan Janairu Doreen Haugland ta bugo waya. Ita ke tafiyar da gidan cukun iyayenta, tafiyar sa'a biyu arewa da mu, kuma rabin aikinmu nata ne. Injin yankan da muka yi mata shekara goma sha bakwai baya ya gaji. Tana son irinsa sak, a gurbinsa. Trent har da tafi. Ga zane a kwamfuta, ba zuwa, ba awo. Ya yi mata alkawarin mako tara.

Ranar da aka kawo ƙafafun injin bencin Arlen, ya jera su huɗu ya duba.

"Ƙafafun nan tsawonsu ɗaya," ya ce.

"Madalla!" in ji Trent. "Abin da muke nema ke nan, dattijo. Komai bai ɗaya."

Arlen dai ya faɗa sau ɗaya, da shaidu. Ni na yi waldar ƙafafun, kuma ni na yi ta wancan na farko, hannuna bai manta ba. Ba a tambaye ni ba.

Cikin Maris muka kai shi, ni da Trent da masu ɗauka. Arlen aka ce ya zauna, ba a bukatar sa. Doreen ta riga ta fitar da tsohon injin ta ba masu gwangwan don a sami wuri. Aka girka sabo, aka kunna. Dunƙulen farko ya hau bel ɗin da ke jan cuku, ya yi tafiyar taku biyu, ya fara zamewa gefe a hankali, kamar mai jin kunya. Sai ga shi tim a ƙasa, kusa da magudana. Na biyu ya bi shi.

Doreen ta dubi cukun, ta dubi Trent. "Kai ne mijin Kendra?"

"Ni ne, Madam Haugland. Ƙaramin abu ne wannan. A samo katako a sa ƙarƙashin..."

"Katako? A ɗakin cuku? Ɗan nan, mai duba tsafta ya ga katako a nan ya rufe ni kafin ya cire hula. Ina mutumin nan mai ƙwallo?"

"Ai mun daina wannan tsarin."

"Na gani. Ga sabon tsarin can a ƙasa." Ta nuna da haɓa. "Inji shida zan saya bana. In bel ɗin nan bai miƙe ran Juma'a ba, Illinois ba ta da nisa."

Ba ƙafafu kaɗai ba ne. Bakin bel ya wuce na injin da ke karɓa, murfin kuma ba ya buɗuwa saboda wani bututu da babu shi a kwamfuta. Trent ya fita waje da wayarsa. Ta taga na ga ya cire hular kwanon yana magana. Ban san me ya ce ba, amma ya daɗe, kuma sauraro ya fi yi, abin da bai saba ba.

Bayan sa'a biyu Arlen ya iso cikin tasa motar. Ya shigo da takarda a hamata. Da ya shimfiɗa ta na taɓa, sanyi ƙalau, da ɗan ƙarnin nama. Ashe tun daren jawabin donot ya kwashe takardun durowar, ya jera a tsohuwar firizar garejinsa, ƙarƙashin naman barewa. Ja ko'ina a jikin wadda ya kawo: ƙafafun baya biyu a rage, ɗaya inci da rabi, ɗaya inci, murfi ya buɗe ta hagu.

Duk da haka sai da ya ajiye ƙwallonsa a ƙasa, ya bar mu tsaye muna kallon ta har ta isa magudana.

"Sannu da zuwa, tsohon banza," in ji Doreen. "An ce ka yi ritaya."

"Sai Afrilu. Akwai kek."

"Ba na sayen inji a wurin da babu kai," ta ce, tana duban Trent.

Ran Alhamis bel ya miƙe. Afrilu ta zo ta wuce, ba wanda ya ta da maganar kek.

Yanzu in ka duba tallar kamfanin za ka ga hoton Trent riƙe da tef, an rubuta cewa mu ne masu zuwa har ɗakinka mu auna daɓe, abin da manya ba sa yi. Ya je taro biyu ya yi jawabi a kai, an tafa masa. Aiki ya ƙaru, ba laifi. Mako goma sha shida ne har yau.

Ya roƙi Arlen takardun a saka a kwamfuta. Arlen yana kawowa, ɗaya-ɗaya, ranar da aka bukace ta, kuma ya koma da ita da yamma. Bana ya cika saba'in.

Na haɗu da matarsa Lorraine wajen cin soyayyen kifin da ake yi duk Juma'a. Ta ce firizar nan ta ishe ta da cin wuta, ranar da ta sami iko da garejin za ta zare ta ta kira masu kwashe shara. Na gaya wa Arlen ran Litinin. Na ce ko zai hau da su sama haka nan, mutum arba'in ne ke cin abinci a nan.

Ya gyara fensirin a bayan kunne.

"Wata rana," ya ce.