Baƙon da Ba Ya Tofarwa

Tsoho Fulbert ne ke ɗibar wa masu saye jar giyar inabi daga gangunan wani tsohon gidan giya a yankin Medok na Faransa, gidan da tun kaka da kakanni kwalbarsa sai teburin manya. Kowa ya san ƙa'idar ɗanɗano: ka kurɓa, ka juya a baki, ka tofar.

Yau ga wani dogo cikin kwat ɗin da ta fi ƙarfin kafaɗarsa, yana biye da dillaliyar giyar da ke gwada shi kafin ta ɗauke shi aiki. In ya kurɓa, sai ya dubi mazubin tofi, ya dubi kofinsa, sai ka ga maƙogwaro ya motsa. Fulbert ya ce a ransa, wannan a gidan da ba a barin loma a kwano ya tashi.

A ganga ta tara kunnuwansa sun yi jajur, dillaliyar ta fara hararsa ta saman tabarau.

Fulbert ya raɗa masa, "Samari, tofar mana, in kana son aikin nan."

"Baba, wannan abin? Bakina ya ƙi."

Tsohon ya dubi ganguna shida da suka rage, ya dubi mutumin da ya fara tangaɗi. Daga nan ɗigo uku yake zuba masa, yana muzurai kamar mai rowa.