Fasinjar da Ɗana Ya Sauke a Daji

Iyayen 'yan kabu-kabu, ku riƙa tambayar 'ya'yanku inda suke sauke mutane.

Jiya da azahar ɗana Nasiru ya kasa cin abinci. Da na matsa masa, ya ce ya ɗauko wata mata daga ƙasar Benin, da jariri marar lafiya, za ta asibiti a Bagudo. Da ya hango 'yan sintirin kan iyaka, sai ya sauke ta a daji ya gudu.

"Inna, ba ta da takarda. Da mashin ɗin za su haɗa."

"Yayarka da ke aure a can, wace takarda gare ta in za ta zo gida?"

Na tura shi da babansa da ruwa, ba su gan ta ba. Ba mu san ko kama ta aka yi ba, ko jaririn yana raye. Wanda ya ji labarinta ya faɗa mana a ƙasan rubutun nan, don Allah.

Daga yau a gidana, wanda ya ɗauki mutum, ko daga ina yake, sai ya kai shi. In ba zai iya ba, ya ajiye min makulli.