Yadda Unaisi Ta Bar Murhu Ta Shiga Teku

A duk jiragen da ke zagaya tsibiran Kadavu da baƙi, babu wanda bai san Unaisi ba. Mace ce kakkaura mai shekara hamsin da biyu, muryarta kan riga jirgi isa gaɓa. Tun tana ƙarama take bin matan ƙauyensu nutso a kan duwatsun murjani suna ɗebo ƙumba da ƙaguwa. In ta nitse, sai na sama ya fara tambayar ko lafiya kafin ta ɓullo.

Da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, taubashinta Waisake, matuƙin wani jirgi mai ɗaukar baƙi goma sha shida, ya samo mata aikin girki a ciki. Shekara bakwai tana dafa gwaza da kifi a madarar kwakwa, tana hangen teku ta 'yar taga.

Wata tafiya aka samu baƙin da vai kaɗai ya kawo su, wato kifin nan faffaɗa kamar tabarma, mai kaɗa fukafukai a ruwa. Kwana uku ana kai su wani mashigin ruwa tsakanin duwatsun murjani da sassafe, ko inuwarsa ba su gani ba. Baƙi suka fara ɗaure fuska. Ran na huɗu Unaisi ta leƙo da ludayi a hannu ta ce wa Waisake, "Kai sarkin tuƙi, vai ba agogo yake ɗaurawa ba. Ku bari ruwa ya fara cikowa, ya ɗan gurɓace. Lokacin yake zuwa kiwo."

"Ji ta! Ke da kifin da kika sani duk soyayye ne?"

"Soyayyen ma ya fi ka iyo. Ka kai ni, in babu ka jefa ni can ka dawo."

"Wa zai iya ɗaga ki?" in ji Waisake. Ma'aikata suka tuntsire da dariya, amma da hantsi ya karkata jirgi.

Cikin baƙin akwai wata tsohuwa mai shekara saba'in da ba ta taɓa sa fuska a teku ba. An ɗaura mata gilashi da bututun shaƙar iska, ta maƙale a tsanin jirgi. Unaisi ta kwance tsumman girki ta faɗa ruwa da rigarta, ta miƙa hannu.

"Taho Mama, riƙe ni. Ba abin da zai taɓa ki ina nan."

Suka yi lamo a saman ruwa, igiyar ruwa na tura su a hankali. Can sai wani duhu ya taso daga ƙasa, baki buɗe, ya juya farin cikinsa dab da su. Wani ya biyo shi, wani ya biyo, har bakwai. Tsohuwa ta matse hannun Unaisi har ya yi mata zafi, ta ɗago tana kuka tana dariya, gilashinta cike da ruwa.

Da aka zo batun mai da ita jagorar baƙi a ruwa, mai jirgi ya ce ba ya sa jagora sai mai takardar shaidar ceton rai. Unaisi ta hau jirgin Suva, babban birnin ƙasar, ta zauna aji da sa'o'in 'ya'yanta. Rubutun ya wahalar da ita, sau biyu ta zauna jarrabawa. A jarrabawar ruwa kuwa, malamin ne ya gaji ya fita ya bar ta.

Shekararta shida yanzu tana jagora, kuma dokarta ɗaya ce: kallo da ido, ban da hannu. Bara wani ƙato ya cafki kunkurun teku don a ɗauke shi hoto. Ta kamo shi ta maɗaurin riga ta ja shi har tsani.

"Hau ka zauna, yallaɓai. In wani ya danne ka a ruwa ka ji daɗi?"

Mutumin ya kai ƙara wurin Waisake. Shi kuwa ya ce, "Ni ma tsoronta nake ji." Washegari ƙaton ya ba da haƙuri, ta riƙe shi a gefenta ta nuna masa inda kunkuru ke kiwon ciyawa. Ya yi rabin awa yana kallo, hannayensa a bayansa.